Darasi na 14: Sarƙar Babur da Haƙoranta

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin kasuwar Agbogbloshie ta Accra, inda kogin Odaw yake gangarawa cikin tafkin Korle, ya zura ido ga baburan da ke fitowa daga cikinta, wani da doya a ɗaure, wani da kwandon tumatir, wani kuwa babu komai bayansa sai jakar saƙo, zai lura cewa galibinsu iri ɗaya ne ko kusa da haka: ko dai Boxer na kamfanin Bajaj, ko TVS, waɗanda asalinsu na Indiya ne, ko kuwa Haojue da 'yan'uwansa na ƙasar Sin, dukansu masu ƙaramin inji. Amma in aka zauna da masu su aka saurari kokensu, sai a iske ya rabu gida biyu. Wannan ya ce nasa ba shi da ƙarfi, da ya ɗora kaya ya fuskanci hawan Nima ko lungunan Maamobi sai ya riƙa nishi yana neman mutuwa. Wancan kuwa ya ce nasa ƙarfi kam akwai, amma da ya miƙe a hanyar Tema ko ta Kasoa sai injin ya yi ta kururuwa, mai yana ƙonewa, alhali tafiyar ba ta kai yadda yake so ba. Kowannensu inji yake zargi, sau da yawa kuwa injin ba shi da laifi ko kaɗan. Mas'alar tana can ƙasa, a cikin abubuwa uku da idon mai babur bai cika sauka a kansu ba sai ranar da suka ba shi kunya: sarƙa, da faifai biyu masu haƙora da take zagayawa a kansu, waɗanda makanikai ke kira sufuroket, ƙarami a jikin inji, babba a jikin tayar baya.

Abu na farko da nake so ɗalibi ya riƙe, tun kafin mu taɓa sifana, shi ne cewa sufuroket ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya kuma rage masa. Ƙarfin da aka ƙera injin da shi, shi ne dai ƙarfinsa. Abin da haƙoran nan suke yi kawai shi ne raba wannan ƙarfi tsakanin ja da gudu, ta yadda duk abin da ka ƙara wa ɗaya, lalle daga ɗayan ka ɗebo shi. Ku dubi 'yan dakon kasuwa: wanda ya ɗauki buhu a ka ya nufi tudu, gajerun taku yake yi, masu yawa, kowane taku da ƙarfinsa, in ya sauke kayan ya komo fili, sai ya buɗe ƙafa ya riƙa dogon taku, ya ci nisa da taku kaɗan. Mutumin ɗaya ne, ƙafafun ɗaya ne, tsawon takun ne ya sake. To, sake sufuroket sake tsawon takun babur ne, ba wani abu ba.

Hisabin haƙora

Hisabin ba shi da wuya, wanda ya iya rabawa ya iya shi. A ƙirga haƙoran babban sufuroket na baya, a ƙirga na ƙaramin gaba, sa'an nan a raba na baya da na gaba. Galibi ma ba sai an ƙirga ba, domin akan buga adadin a jikin ƙarfen, sai dai a goge dattin a karanta. Mu ɗauki misalin babur mai haƙori 14 a gaba da 42 a baya. In aka raba 42 da 14 za a sami 3, ma'ana sai ƙaramin ya juya sau uku kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. Tayar irin waɗannan babura takan ci kimanin mita 1.9 a juyi ɗaya, watau tana juyawa kusan sau 530 a kowace kilomita. Ke nan ƙaramin sufuroket yana juyi wajen 1,590 kafin a ci kilomita guda.

Yanzu a ce mai babur ɗin nan ya cire na baya ya sa mai haƙori 45. In aka raba 45 da 14 sai a sami 3.21, an sami ƙarin kimanin kashi 7 cikin 100. Jan da ke isa ga taya ya ƙaru da wannan gwargwado a kowace giya, babur zai tashi da kaya cikin sauƙi, ya hau tudu ba tare da an wahalar da kuloci ba. Amma ƙaramin sufuroket zai riƙa juyi wajen 1,700 a kilomita maimakon 1,590, kuma a daidai kukan injin da a dā yake ba da kilomita 80 a sa'a, yanzu abin da zai bayar bai wuce 75 ba. In kuwa na baya ya bari a 42, ya sa mai haƙori 15 a gaba, lissafin ya komo 2.8: wancan kukan injin zai ba da kusan kilomita 86 a sa'a, inji ya huta a doguwar hanya, amma tashi ya yi nauyi, hawa kuma ya zama aiki. Ƙa'idar ke nan: in lambar da rabawa ta bayar ta hau, ja ya ƙaru gudu ya ragu, in ta sauka, gudu ya ƙaru ja ya ragu. Daga nan kuma ake gane abin da ya sa masu sana'a suke cewa haƙori ɗaya a gaba daidai yake da uku a baya, domin 42 a kan 13 yana ba da 3.23, wanda ɗan kaɗan ne tsakaninsa da 45 a kan 14.

Akwai wani ruɗi da ya kamata in tsaya a kansa, saboda yana cinye kuɗin samari da yawa. Yaro ya ji an ce babban sufuroket a gaba yana ƙara gudu, sai ya je ya ƙara haƙori biyu a gaba, ya kuma rage uku a baya, yana zaton ya mai da baburinsa na tsere. Abin da bai sani ba shi ne, lissafin takarda yana tabbata ne kawai in injin yana da ƙarfin da zai cika shi, alhali kuwa iskar da babur yake tsagawa tana ƙara tauri ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, ƙaramin inji kuwa ƙarfinsa ƙididdigagge ne. Sai ya wayi gari giyar ƙarshe ta zama ta banza, ba ta iya ja sai a gangare, yana murɗa totur har ƙarshe mai yana tafiya gudu bai ƙaru ba, a cunkoson shataletalen Circle kuwa yana ta jan kuloci rabi da rabi har farantansa su ƙone. Ya nemi ƙari, ya tashi da hasara biyu. Kuma ko da gudun ya samu, ina zai kai shi? Dokar hanya ta Ghana ta 2012 ta iyakance gudu cikin gari ga kilomita 50 a sa'a, a kusa da makarantu da kasuwanni kuwa 30.

Kowa ya dubi hanyarsa

Saboda haka ba a tambayar wane sufuroket ne ya fi kyau. Abin tambaya shi ne, ina kake bi kullum, me kuma kake ɗauka? Misalin da ya fi kusa da mu shi ne abin da ya faru a watan Yuli na 2021, sa'ad da hukuma ta rushe wurin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, ta kuma tashi 'yan albasa, waɗanda da yawansu Hausawa ne da Zabarmawa masu kawo ta daga Nijar, ta mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari ta hanyar Nsawam. Mai babur da aikinsa ya kasance ɗaukar kaya daga kasuwa zuwa Nima ko Sabon Zango, tafiya gajera mai yawan tsayawa da tashi, ƙarin haƙori biyu ko uku a baya alheri ne gare shi. Amma in cinikinsa ya bi 'yan albasa ya koma doguwar hanya, yana zuwa babu kaya yana komowa da kaya, to hukuncin ya sake, domin babban sufuroket ɗin nan zai sa inji ya yi ta ƙara duk tsawon hanyar, mai ya ƙare da wuri. Irin wannan mutum, a ganina, komawa ga adadin da kamfani ya sa tun asali ya fi masa. Mai kai saƙo kuwa, wanda ba ya ɗaukar nauyi, wanda yininsa yake ƙarewa a babban titin Accra zuwa Tema, shi ne wanda haƙori ɗaya na ƙari a gaba zai yi wa amfani.

Ni dai shawarata ita ce a yi taku ɗaya tak: haƙori ɗaya a gaba, ko biyu zuwa uku a baya, kada a haɗa duka biyun a karo guda. Waɗanda suka ƙera babur ba da ka suka zaɓi adadin haƙoransa ba, matsakaici suka nema wanda zai yi wa galibin mutane daidai, kuma wanda ya yi nisa da matsakaicin nan yakan haɗu da illolin da bai yi tsammani ba. In ƙaramin sufuroket ya gaza haƙori 13, sarƙa takan lanƙwasa da tsanani a kansa, ta ci kanta ta ci shi da sauri. Don haka mai neman ƙarin ja, ƙarawa a baya ta fi masa ragewa a gaba, ko da ta fi tsada. In na gaba ya yi girma ainun, zai iya gogar jikin inji. Na baya kuma in ya cika girma, murfin sarƙa ba zai rufu ba, sai mutum ya jefar da murfin, alhali a gari irin Accra, mai iskar teku da ke sa ƙarfe tsatsa, mai ruwan Yuni da ke mai da lunguna kogi, mai ƙurar hunturu, murfin nan shi ne rabin rayuwar sarƙa, shi ne kuma yake tsare bakin zanen mace ko rigar wanda aka goya daga shiga cikin haƙora.

Wajibi ne kuma in faɗi wannan da babbar murya. Wanda ya ƙara haƙora ya ga baburinsa yana tashi da buhu biyu kamar ba kaya, kada ya ɗauka an ba shi izinin ƙara na uku. Ja ne ya ƙaru. Birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, ƙashin babur bai ƙaru ba, kuma abin da ya hau tudu da kaya sai ya sauko da su. Ran mai tuƙi da na masu tafiya a gefen hanya amana ne a wuyansa.

Lambar sarƙa, da sayenta

Sarƙar da muke amfani da ita a yau, mai 'yan gangunan ƙarfe da ke juyawa a kan ƙusoshi, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Hans Renold ne ya ƙago ta a Ingila a 1880, har yau kuma awonta da inci ake yinsa. A jikin kwali, da kuma jikin gaɓoɓinta, za a ga lamba irin 420 ko 428 ko 520. Lambar farko tana nuna nisan da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin takwas na inci: 4 na nufin rabin inci, watau milimita 12.7, 5 kuwa milimita 15.9. Sauran lambobin biyu na faɗin cikinta ne. Sarƙar 420 da ta 428 nisan ƙusoshinsu ɗaya ne, amma ta 428 ta fi faɗi da kauri, kuma a nan ne ake yaudarar wanda bai sani ba, domin sarƙar 428 za ta hau sufuroket na 420 ta zauna kamar ta dace, sai dai tana rawa hagu da dama tana cin gefen haƙora. Sharaɗi ne abubuwan nan uku su zama masu lamba ɗaya.

Wanda zai tafi Abossey Okai, ko wani shagon kayan babur na unguwa, ya tafi da tsohon sufuroket a hannunsa, ya ɗora shi a kan sabon, ya tabbata ramukan noti sun yi daidai, ramin tsakiya ma haka, na gaba kuma ƙananan haƙoran cikinsa sun dace da sandar inji. Ya ƙirga gaɓoɓin tsohuwar sarƙa tun daga gida. Kowane haƙori biyu da aka ƙara yana bukatar tsawon gaɓa ɗaya, gaɓoɓi kuwa bibbiyu ake ƙara su. Ƙarin haƙori uku a baya yakan jawo taya gaba da kimanin santimita ɗaya, wanda sau da yawa wurin gyaran taya yakan ɗauke shi, in bai ɗauka ba a nemi sarƙa mai ƙarin gaɓa biyu. Ta yi tsawo a rage ya fi ta gaza. Akwai sarƙoƙi masu suna, irin D.I.D da RK na Japan, akwai kuma jabun da aka buga wa sunayensu. Mai rahusar da ta wuce hankali abin tuhuma ce, araha kuwa ba ta ado. Na baya a zaɓi na baƙin ƙarfe, a bar na alminiyam ga masu tsere.

Me ya sa ake cewa a sake su tare, su ukun? Mutane sukan ce sarƙa ta miƙe, amma a haƙiƙa ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusoshin ne da ramukansu suke cinyewa, kowace gaɓa ta sami ɗan sarari, sararin ya taru ya zama tsawo. Sarƙar da ta yi haka ba ta zama a gindin haƙori, sai ta hau samansa ta riƙa sassaƙarsa har ya yi tsini ya lanƙwashe. In ka sa sabuwar sarƙa a kan waɗannan haƙora, za su cinye ta cikin ɗan lokaci. In ka sa sabon sufuroket ƙarƙashin tsohuwar sarƙa, ita za ta lalata shi. Wanda ya sayi ɗaya ya bar biyu domin tattali, ya sayi ɗayan nan sau biyu ke nan. Ana gane lokaci ya yi ta hanya biyu: a kama sarƙa a can bayan babban sufuroket a ja ta baya, in ta ɗaga har rabin haƙori ya bayyana, ta gama aiki, ko kuwa a miƙe ta a auna gaɓa 20, daga ƙusa ta farko zuwa ta 21, wanda a sabuwar 428 milimita 254 ne, in ya kai wajen 259 a sake ta. Dabarar nan ta cire gaɓa biyu daga tsohuwar sarƙa don ta ƙara kwana, da ta juya sufuroket a kifa shi, ba gyara ba ne, jinkirta hatsari ne kawai, domin sarƙar da ta tsinke ana cikin gudu tana iya fasa jikin inji ko ta naɗe a taya ta kulle ta.

Aikin sakewa

A kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tauri, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu. Wannan na ƙarshe ba ƙari ba ne cikin magana: yatsu da yawa sun tafi saboda mutum ya bar inji yana juya taya yana goge sarƙa da tsumma. A cire murfin sarƙa da murfin ƙaramin sufuroket. A fara sassauta notocin na gaba tun sarƙa tana kai, wani ya taka birkin baya ya riƙe, domin in an riga an cire sarƙa babu abin da zai hana sandar juyawa. Sa'an nan a nemo mahaɗin sarƙa, a ture ɗan makullinsa da filaya, a zare ta. A kwance sandar birki da notin taya, a fitar da tayar, a lura da yadda kowane zobe da wosha suke jere, a ajiye su bisa tsarinsu a kan tsumma mai tsabta. Kafin a ɗaura sabon na baya, a dubi robobin da ke cikin cibiyar taya, waɗanda ke shanye fizgar inji. In sun ragargaje a sake su, kuɗinsu kaɗan ne, rashinsu kuwa yana gajarta ran sabuwar sarƙa. A ɗaure notoci a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, a lanƙwasa 'yan kunnuwan ƙarfen da ke hana su kwancewa.

In an mai da taya, a tura ta gaba, a zagayo da sabuwar sarƙa ta yadda bakunanta biyu za su haɗu a kan babban sufuroket, inda haƙora za su riƙe su har a sa mahaɗi. Ɗan makullin nan yana da kai rufaffe da baki buɗaɗɗe, kuma rufaffen kan ne zai fuskanci inda sarƙa take tafiya. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa bakinsa a hanya zai iya fizge shi.

Saura ɗauri, wanda a nan ne ƙwararre yake bambanta da mai gaggawa. A ja taya baya da notocin gyara na hagu da dama, kaɗan kaɗan, ana duban zanen awo da ke gefe biyu don su zama daidai, in ba haka ba taya za ta karkace. A juya taya a nemo inda sarƙa ta fi tauri, a nan ake awo: a tsakiyar tsawonta na ƙasa, a ɗaga ta da yatsa a sauke, motsin ya zama tsakanin milimita 20 da 30, sai fa in littafin babur ɗin ya faɗi wani adadi dabam, to a bi littafi. Mutane da yawa suna son su ji ta ɗaure tamau, suna ganin shi ne ƙarfi, alhali in aka ɗora kaya babur ya zauna, sarƙa takan ƙara ɗaurewa da kanta, wadda ba ta da sarari kuwa sai ta ja sandar inji ta lalata boris da robar da ke tsare mai. A ƙulle notin taya, a sake aunawa, domin ƙullewa takan sauya awon. Daga nan a gyara birkin baya, tun da taya ta bar mazauninta na dā, a kuma tabbata fitilar birki tana kamawa. Bayan 'yan kwanaki a sake duba ɗaurin, saboda sabuwar sarƙa takan ɗan saki a farkon aikinta. Wanka da kananzir ake yi mata, a bari ta bushe, a ɗiga mata man giya mai kauri ta ciki a kowace kilomita 500, da kuma duk ranar da aka ratsa ruwa. Baƙin man da aka zubar daga inji, wanda ake yawan shafa mata don yana kyauta, cike yake da garin ƙarfe.

Aiki ga ɗalibi

Kowa ya ƙirgo haƙoran baburinsa, ko na maƙwabcinsa, gaba da baya, ya raba, ya rubuto abin da ya samu tare da lambar sarƙar. Sa'an nan a warware wannan: babur yana da 15 a gaba da 39 a baya, yana yin kilomita 70 a sa'a, in aka mai da na baya 42, nawa rabawar za ta bayar, nawa kuma gudunsa zai koma a daidai wancan kukan inji? A ƙarshe kowa ya rubuta layi biyar yana bayyana hanyar da yake bi kullum da irin kayan da yake ɗauka, ya faɗi ko zai ƙara haƙori, ko zai rage, ko zai bar su yadda suke, ya kuma kawo hujjarsa, za mu tattauna a kansu a zama mai zuwa in Allah ya kai mu.